US Open: dala miliyan 5 ga Alcaraz, dala miliyan 5 ga Sabalenka, adalci ne?

Sani Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka rufe gasar tanis ta US Open ta 2025 a New York wata magana take ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo ta nan. Alcaraz ya doke Sinner ya tafi da dala miliyan 5. Sabalenka ta doke Anisimova, ita ma dala miliyan 5, ba ragin ko sisi. To amma namiji sai ya ci seti (wato turmin wasa) uku cikin biyar kafin a ce ya yi nasara, mace kuwa biyu cikin uku. Wasan ƙarshe na mata bai wuce awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna ba, na maza ya doshi awa uku. Kuma Sabalenka ko kwata fainal ba ta buga ba, tunda Vondrousova ta janye saboda ciwo. Ni ban ce a hana mata kuɗi ba. Tambayata ita ce, aikin da bai zo ɗaya ba, ta yaya biya zai zo ɗaya? Kowa ya faɗi fahimtarsa, amma don Allah ban da zagi.

Habu Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam Sani ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ma haka nake gani. Wanda ya kalli Alcaraz da Sinner a kwata fainal na 2022 ya san abin da ake nufi da wahala. Awa biyar da minti 15. Ƙarfe uku saura minti goma na dare a New York suka tashi, mu nan takwas saura goma na safe. Na yi sallar asuba na dawo suna nan, rana ta fito suna nan. Wace mace ce aka taɓa tsayarwa a fili haka?

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam. Sani ƙanena, tunda da lissafin seti ka zo, mu fara da shi. Alcaraz ɗin da ka kawo, seti nawa ya buga a 2025? Wasa shida a jere bai bar wa kowa seti ko ɗaya ba, har da Djokovic a wasan kusa da na ƙarshe. Sai a wasan ƙarshe ne Sinner ya ƙwaci guda ɗaya. Wato tun daga farko har ƙarshe bai taɓa kaiwa seti na biyar ba. In da tsawon aiki ake biya, ai sai a zaftare masa kuɗi a ƙara wa wanda ya yi ta jan wasa har seti biyar ya faɗi a zagaye na uku. Ka yarda da haka? Na san ba za ka yarda ba, don kai ma ka san gama wasa da wuri shi ne ƙwarewar.

Ɗan damben da ya yi kisa a turmin farko ba a rage masa kyauta don bai kai turmi na uku ba. Jama'a ma sun fi tashi tsaye a kansa.

Abin da ake biya a gasa irin wannan shi ne, cikin mutum 128 da suka shiga, kai kaɗai ka rage. Maza 128, mata 128. Sabalenka ma sai da ta wuce duk wadda aka ajiye mata a gaba. Janyewar Vondrousova kuwa ba mata kaɗai take samu ba, a ɓangaren maza ma ana janyewa kusan kowace shekara, ba wanda ya ce a rage wa wanda ya wuce.

Sani Gwale:
Anti, na ji, amma Alcaraz na 2025 daban ne. Ba kowace shekara ake samun wanda zai share kowa haka ba. Dokar dai tana nan: namiji yana shiga fili ne da sanin zai iya kai awa biyar. Ko a 2024 Evans da Khachanov sun yi awa biyar da minti 35 a zagayen farko. Zagayen farko fa! Wanda ya ci sai ya dawo bayan kwana biyu da wannan jikin.

Anti Bilki:
Gaskiya ne, kuma ban raina wannan wahalar ba. Amma wa ya kafa dokar? Ba matan ba ne suka ce a rage musu. Gasar ƙarshen shekara ta mata, daga 1984 har zuwa 1998, wasanta na ƙarshe seti biyar ake yi. A 1990 Seles da Sabatini sun kai na biyar ɗin. Graf ta yi haka da Anke Huber a 1995, ta sake yi da Hingis a 1996. Ba wadda aka ɗauka a makara. Masu shirya gasa ne ba sa so, saboda jadawali ba zai ɗauka ba. Yanzu ma da maza kaɗai suke yin biyar, ga shi ana kaiwa biyun dare. To ka hana mutum yin abu, sannan ka dawo ka ce za ka rage masa kuɗi don bai yi ba? Wannan ne ban yarda da shi ba.

Koci Ɗanladi:
Salam. Ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren da na sani, tunda koyar da yara tanis ne sana'ata. Malam Habu ya ce wace mace aka tsayar haka. Ni a wajena tambayar ita ce, shi kansa namijin ya dace a tsayar da shi haka a irin wannan filin?

Mutane suna ganin shuɗi da kore a talabijin su ɗauka wani abu ne mai laushi. Kwalta ce ko kankare a ƙasa, sai a bi ta da fenti na musamman shimfiɗa bayan shimfiɗa, a gauraya da yashi. In yashin ya yi yawa ƙwallo ta riƙa kamawa tana rage gudu, in ya yi kaɗan ta riƙa sulɓewa. Shi ya sa za ku ji 'yan wasa suna cewa filin bana ya fi na bara sauri. Tun 1978 da aka mayar da gasar Flushing Meadows a New York, samfurin DecoTurf ake shimfiɗawa, sai a 2020 aka canza zuwa Laykold. Amma kowanne aka sa, ƙasansa dutse ne. A filin jar ƙasa irin na Faransa ƙafarka tana zamewa, ƙasar ta shanye rabin ƙarfin. A nan kuwa in ka taka birki, gwiwa da ƙugu da idon sawu ne za su shanye duka.

Ku zo filinmu da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu ku ɗora tafin hannu a ƙasa, ba za ku iya ƙirga biyar ba. Yaron da yake atisaye kullum, takalminsa ta wajen babban yatsa yake fara hujewa, saboda jan ƙafa lokacin sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi. Sabuwar ƙwallo kuma kafin a tashi gashinta ya zube ta koma sulɓi. Abin da ya ci roba da gashin ƙwallo haka, me kuke zato yake yi wa guringuntsi? Del Potro da ya doke Federer a wasan ƙarshe na 2009, a irin wannan fili ya faɗi a Shanghai a 2018 ƙoƙon gwiwarsa ya tsage, daga nan bai ƙara komawa daidai ba. Nadal ya ci US Open sau huɗu, amma shekara da shekaru yana kukan cewa filaye masu tauri sun yi yawa a jadawali.

Habu Zariya:
To Koci ai ka ƙara mana hujja ne. In filin yana cin jiki haka, wanda ya fi daɗewa a kai shi ya fi cancantar kuɗi.

Koci Ɗanladi:
A'a Malam Habu, ni inda na dosa daban. Kuɗi ba ya mayar da gwiwa. A 2023 lokacin da ake tsananin zafi da gumi, Medvedev yana tsaka da wasa da Rublev ya juya ga kyamara ya ce wata rana sai wani ɗan wasa ya mutu a fili kafin a gane. Ba ƙarin dala yake nema ba a lokacin. Ni da za a bi tawa, maza ma su yi seti uku a makon farko, sai daga kwata fainal kowa da kowa, maza da mata, a koma biyar. An huta da wannan gardamar, an kuma huta da wasan ukun dare.

Musa Bronx:
Salamu alaikum jama'a, gaisuwa daga New York. Ina karanta ku tun ɗazu a wajen aiki. Ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Daga nan unguwarmu sai ka shiga Manhattan ka kama jirgi mai lamba 7 zuwa Queens, ka sauka a tashar Mets-Willets Point, sai wata doguwar gada ta katako da za ta kai ka har ƙofa. Makon share fage kyauta ake shiga, shi muke kai yara. Kana tsaye dab da waya, tsakaninka da ɗan wasa bai fi taku biyar ba, kana jin ƙarar takalmi yana ƙiiƙ a ƙasa, kana jin numfashinsu, jiragen filin jirgin sama na LaGuardia suna wucewa ta sama. Wallahi Yaya Sani, in ka tsaya a bayan mace tana buga sabis a wannan tazarar, ba za ka ƙara cewa aikinta sauƙi ne ba. Talabijin tana rage gudun ƙwallon sosai.

Sannan maganar wa yake kawo jama'a. Filin Arthur Ashe, babban filin gasar, yana cin mutum sama da 23,000. A 2022 da Serena Williams ta ce za ta ajiye raket, duk daren da za ta buga garin nan ba maganar da ake sai tata, tikiti ya yi tsadar da ba a magana. Daren da Tomljanovic ta fitar da ita a zagaye na uku, ko a shagon aski ita ake kallo. A 2023 kuma da Coco Gauff ta ci, waɗanda suka kalli wasanta na ƙarshe a talabijin a nan Amurka sun fi waɗanda suka kalli Djokovic da Medvedev washegari, da tazara mai yawa, alhali ranar ce Djokovic ya ɗauki babban kofinsa na 24.

Sani Gwale:
Musa, wannan ai don Gauff 'yar gida ce. Ba'amurkiya tana wasan ƙarshe a Amurka dole a kalla. Ka je Sifaniya ko Italiya, ƙasashen Alcaraz da Sinner, ka tambaya wa suka kalla a 2025.

Musa Bronx:
Haka ne Yaya. Amma ka ga ke nan abin yana juyawa. Wata shekarar maza ne suke jan kasuwa, wata shekarar mata. A 2021 Raducanu, yarinya 'yar shekara 18, ta taso daga wasannin share fage ta ci wasa goma ba ta bar seti ko ɗaya ba, abin da ba a taɓa yi ba a manyan gasa huɗun nan (ta Ostareliya, ta Faransa, Wimbledon da US Open), maza ko mata. Duk Ingila ta hana kanta barci. Za ka zauna kowace shekara ka ce bari mu ga wa aka fi kallo sannan mu yanka kuɗin? Tikitin dare a Ashe guda ɗaya ne, yawanci wasan mata ɗaya na maza ɗaya. Ba wanda zai iya raba maka dalar da mutum ya biya ya ce wannan ta wance ce wannan ta wane.

Anti Bilki:
Allah ya yi maka albarka Musa. Kuma ku tuna yadda abin ya faro, don ba kyauta aka wayi gari aka ba su ba. A 1972 Billie Jean King ta ci wannan gasar aka ba ta dala 10,000, Ilie Nastase da ya ci ta maza aka ba shi 25,000. Ta ce in ba a daidaita ba, baɗi ba za a gan ta ba, kuma ba ita kaɗai ba. Ta nemo kamfanin da zai cike giɓin. A 1973 Margaret Court da John Newcombe kowanne ya karɓi 25,000. US Open ce ta fara a cikin manyan huɗun. Wimbledon sai 2007 ta bi sahu, bayan Venus Williams ta yi ta fama da su. Shekara 34 tsakani.

Abin da nake so Sani ya duba shi ne, a cikin shekara hamsin da ɗoriya da aka yi ana biya daidai, me maza suka rasa? Daga dala 25,000 an kai miliyan 5. Jimillar kuɗin 2025 dala miliyan 90. Gasar da take tara maza da mata wuri ɗaya ita ce take cika, ita ce 'yan talla suke rububi. Ba a ɗebi na wani an ba wani ba, tare suka girma.

Hadiza Maraɗi:
Ina wuninku. Ni sabuwa ce a kallon tanis, saboda Ons Jabeur na fara, lokacin da ta kai wasan ƙarshe a 2022 Swiatek ta doke ta. Tambaya gare ni Anti. Wannan daidaiton ko'ina ne, ko a manyan gasa kawai?

Anti Bilki:
Lafiya lau Hadiza, sannu da zuwa. Ba ko'ina ba ne, kuma nan ne ma hujjar seti take rushewa gaba ɗaya. A wajen manyan huɗun nan, maza ma seti uku suke yi, daidai da mata. Indian Wells da Miami suna biya daidai. Amma akwai gasa irin ta Rum da ta Cincinnati da aka daɗe maza da mata suna buga seti uku uku, a fili ɗaya, amma na matan bai kai na mazan ba. A can ba wanda yake tuna maganar tsawon wasa. Sai a 2023 hukumar tanis ta mata ta fitar da tsarin cewa manyan gasannin da ake haɗawa za su daidaita zuwa 2027, sauran zuwa 2033. To in dai seti ne ma'auni, me ya hana a daidaita waɗannan tun tuni?

Habu Zariya:
A can kasuwa ce take magana Anti. Hukumar maza ta fi samun kuɗin talabijin, shi ke nan.

Anti Bilki:
To Habu ka zaɓi ɗaya. In an zo New York ka ce seti, in an je Rum ka ce kasuwa. Duk inda aka juya dai mace ce a ƙasa.

Baba Iro:
Assalamu alaikum. Yara kuna ta ambaton filin Arthur Ashe, na ga ya kamata in gaya muku ko wane ne mai sunan, don maganar kuɗin nan ta taɓa shi shi ma. Shi ne ya ci US Open ta farko a 1968, shekarar da aka buɗe ƙofa ga masu wasa don kuɗi. Baƙar fata, kuma yana soja a lokacin. Da yake ba a matsayin mai wasa don kuɗi ya shiga ba, dala 14,000 ta wanda ya zo na ɗaya ba a ba shi ba, Tom Okker da ya kayar aka miƙa wa. Shi sai ɗan kuɗin guzuri na kullum.

Kuma ya zo ƙasar nan. A Fabrairun 1976 yana Legas wajen wata gasa, yana riƙe da kofin Wimbledon na 1975, aka kashe Janar Murtala ranar Juma'a 13 ga wata, Allah ya jiƙansa. Gari ya rikice. Da aka ce a ci gaba da gasar bayan kwana biyu uku, yana cikin wasan kusa da na ƙarshe da wani Ba'amurke Jeff Borowiak sojoji suka shigo har cikin fili da bindigogi suka kore su, shi an sa masa bakin bindiga a baya. Gasar ba a ƙarasa ta a Legas ba. Mu da muke samari a lokacin hankalinmu yana kan rasuwar Murtala, sai daga baya muka san irin baƙon da aka yi wa haka. Kafin nan kuma, a 1971, shi ne ya ga wani yaro a Yawunde yana buga tanis, ya yi masa hanya zuwa Faransa. Yaron nan shi ne Yannick Noah da ya ci gasar Faransa a 1983.

Ra'ayina a kan gardamarku, ina bayan Bilkisu. Amma abin da ya fi damuna ba na saman ba ne. Alcaraz da Sabalenka ko an ba su rabi ba za su kwana da yunwa ba.

Sani Gwale:
Allah ya ƙara girma Baba, mun gode da wannan tarihi. Wallahi ban san ya zo Legas ba.

Koci Ɗanladi:
Baba kun faɗi gaskiya, Allah ya ja kwana. Nan ne ciwon yake. A 2025 wanda aka cire a zagayen farko ya samu dala 110,000. Mutum zai ji ya ce ai ya warke. Amma kafin ka shiga cikin 128 ɗin nan kai tsaye sai kana wajen ɗari na farko a duniya. Kuma ɗan tanis ba kamar ɗan ƙwallon ƙafa ba ne da kulob zai ɗauke masa komai. Shi zai biya kocinsa, shi zai sayi tikitin jirgi nasa da na kocin, mako bayan mako daga wannan ƙasa zuwa waccan, ga haraji da ake cirewa tun kafin kuɗin ya iso hannunsa. In ya ji ciwo wata uku, ba albashi. Wanda yake na 300 a duniya, a duk duniya fa, sau da yawa da ƙyar yake mayar da abin da ya kashe. Wannan ne ya sa Djokovic da Pospisil suka kafa ƙungiyar 'yan wasa a 2020, kuma a Maris na 2025 ta kai hukumomin tanis kotu.

Mu nan gida abin ya fi haka nisa. Yaro zai yi fice a gasar Dala Hard Court a Kano, kowa ya ce wannan zai je wani wuri. To maki na duniya sai ka fita ka nemo shi a gasannin waje, wa zai biya? Tsirkiyar raket kaɗai in ta tsinke sai ka ga yaro ya yi mako yana aron ta wani. Tun Nduka Odizor da ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, har yau shi muke ambata. Tiafoe da kuke gani, iyayensa 'yan Saliyo ne, mahaifinsa mai kula da wata cibiyar tanis ne a Maryland, a nan yaron ya tashi har yana kwana a wurin. Ya doke Nadal a 2022 ya kai wasan kusa da na ƙarshe, ya sake kaiwa a 2024. Baiwar tana jininmu. Fili da kayan aiki ne suka same shi a ƙofar ɗaki.

Hadiza Maraɗi:
Mu a nan yarinya ma ko ta so, samun inda za ta buga da kayan da iyaye za su yarda da su wani aiki ne. Shi ya sa ganin Jabeur ya yi mini daɗi, Balarabiya Musulma daga Tunisiya. Da ba a biyan mata da daraja, anya iyayenta da ƙasarta za su zuba abin da suka zuba a kanta?

Habu Zariya:
Wannan kuma magana ce. Amma tunda an zo kan na ƙasa, ku gaya mini abin da aka yi wa masu wasan bibbiyu na mace da namiji a 2025. An mayar da shi makon share fage, an rage zuwa ƙungiya 16, an gajarta tsawon seti, an cika shi da manyan sunaye irin su Alcaraz da Raducanu, aka sa dala miliyan 1. Waɗanda wannan ne abincinsu shekara da shekaru kusan duk an bar su a waje. Ina adalcin da ake ta faɗa?

Musa Bronx:
Yaya Habu ai an ba su amsa a fili. Errani da Vavassori, su ne ƙwararrun bibbiyu da aka bari suka shiga, kuma su suka cinye, suka doke Swiatek da Ruud a wasan ƙarshe. Amma gaskiya filin ya cika maƙil, abin da wasan bibbiyu bai saba gani ba. Ni na rasa ɓangaren da zan tsaya a wannan.

Anti Bilki:
Ni na san inda na tsaya, Habu ya yi gaskiya a nan. Kofin babbar gasa ne, bai kamata a mayar da shi wasan baje koli ba. Wanda ya cancanta ta hanyar matsayinsa a wasan bibbiyu a bar shi ya shiga. Ƙafa ɗaya nake tsaye a kai a duka biyun: a bar fili ya raba gardama, kada a zauna a ofis a yanke wa wani cewa nasa wasan bai kai ba.

Sani Gwale:
To Anti, na saurari kowa. Maganar Rum da Cincinnati ta shige ni, a can ba ni da ta cewa, seti iri ɗaya, kuɗi ya zama ɗaya. Amma a US Open ina nan a kan bakata sai an daidaita aikin. In matan sun yarda da biyar kamar yadda kika ce, a ba su biyar daga kwata fainal, kowa ya huta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne rabin shawarar Koci, wai a rage wa maza zuwa uku a makon farko. Wasannin da muke tunawa ai na biyar ɗin ne. Thiem a 2020 an ci shi seti biyu a wasan ƙarshe ya dawo ya doke Zverev. A seti uku da tuni an tashi.

Koci Ɗanladi:
Wannan wasan ƙarshe ne Malam Sani, a tsarina ma biyar za a yi shi. Makon farko nake magana, inda wasa yake da yawa fili ya yi kaɗan. A Ostareliya a 2023 Murray da Kokkinakis sun wuce ƙarfe huɗun asuba a zagaye na biyu. Yaran da suke tsintar ƙwallo fa? Masu share fili da direbobi fa? Ko a New York a 2024 Zheng da Vekic sai bayan biyun dare suka gama, don an ajiye su a bayan dogon wasan maza.

Anti Bilki:
Biyar daga kwata fainal ban ƙi ba Sani, in matan da suke bugawa aka tambaya suka amince, ba mu da muke kan kujera ba. Wasu cikinsu sun ce suna so, wasu sun ce a'a. Amma kada a ce sai sun yi sannan kuɗinsu ya halatta. Wannan an wuce wurin tun 1973.

Habu Zariya:
Ni dai a bar mini biyar ɗina tun daga zagayen farko. Matsalar dare kuma a fara wasan yamma da ƙarfe shida maimakon bakwai, ko a sa wasa ɗaya kawai. Mu ma nan sai mu samu mu fara kallo sha ɗaya maimakon sha biyun dare.

Musa Bronx:
Ba za su yi ba Yaya. Bakwai ɗin saboda mutanen da suke tashi daga aiki ne da kuma masu talabijin, su suke biyan miliyan 90 ɗin da muke ta rabawa a nan.

Hadiza Maraɗi:
Koci, 'yar yayata shekararta tara, tana son ta fara. Filin da muke da shi na siminti ne. Bayan abin da ka faɗa a kan gwiwa, in bar ta?

Koci Ɗanladi:
Bar ta ta fara Malama Hadiza. A shekarunta jikin ba shi da nauyin da zai cutar da gaɓa. Ki samo mata takalmi mai kaurin ƙasa, ba silifas ko na makaranta ba, da ƙaramin raket daidai hannunta, da ƙwallo mai laushi ta yara in ana samu. Da sassafe ko bayan la'asar, minti arba'in ya isa, kwana uku a mako. Ki turo mini hoton filin ta akwatin sirri in ga ko akwai tsagewar da za ta iya kama mata ƙafa.